Yadda Ake Kiyaye Faɗin Hoto na 16:9 Wajen Ɗora Bidiyo a Faifan DVD

Mai ɗaukar bidiyon biki ko na walimar saukar karatu yakan tace aikinsa a kwamfuta, ya ga hoto ya cika allo yadda ya kamata, amma da zarar ya ɗora shi a faifan DVD ya saka a na'ura, sai mutane su fito dogaye sirara, tiren da yake zagayayye ya koma tamkar ƙwai. Kyamara ba ta da laifi a nan, haka ma talabijin a mafi yawan lokuta. Matsalar tana tattare da wata 'yar alama da ta ɓace, ko aka sa ta ba daidai ba, a tsakanin tacewa da bugun faifai.

Faifan DVD ba shi da wani girma na dabam domin hoto mai faɗi. A tsarin PAL, wanda shi ne ake amfani da shi a Najeriya da mafi yawan ƙasashen Turai, hoto mai cikakken girma ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, ko na 4:3 ne (ma'aunin tsohon talabijin) ko na 16:9 (ma'aunin allo mai faɗi). A tsarin NTSC na Amurka da Japan kuwa 720 ne da 480. Abin da ake yi shi ne a matse hoto mai faɗi ta gefe da gefe har ya shiga wannan ma'auni, sannan a rubuta alamar da ke gaya wa na'urar kallo ta sake miƙe shi, ta yadda zai bayyana kamar ɗigo 1024 da 576. Idan alamar ta ce 4:3, na'urar za ta bar shi a matse. Wannan alama kuma a wuri biyu take: a cikin bidiyon kansa, mai tsarin MPEG-2, da ke fayilolin VOB, da kuma a cikin fayil ɗin IFO mai ɗauke da bayanan faifan, wanda ke babban fayil na VIDEO_TS. Na'urorin kallo na gida galibi IFO suke bi, shi ya sa faifai zai iya yin kyau a kwamfuta amma ya lalace a falo.

Gyara yana farawa ne tun daga manhajar tacewa. Ka buɗe aikin da ma'aunin 16:9, misali 1920 da 1080, da hotuna 25 a daƙiƙa idan faifan na PAL ne. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye kada ka ja shi don ya cika allo, ka bar gefensa baƙi ko ka sa wani hoto a bayansa.

Wajen fitarwa ake yawan tafka kuskure. Ka zaɓi tsarin MPEG-2 na DVD, girma 720 da 576, sannan ka tabbatar an zaɓi 16:9 a wurin ma'aunin allo. Mai amfani da manhajar sauya tsarin bidiyo ta ffmpeg zai haɗa umarnin -target pal-dvd da -aspect 16:9, domin na biyun shi ne ke rubuta alamar. Kada ka rage girman zuwa 352 a kwance don neman faifai ya ɗauki sa'o'i da yawa, saboda ƙa'idar DVD ba ta yarda da 16:9 a wannan ƙaramin girma ba, kamar yadda tsohon faifan VCD ma 4:3 kaɗai ya sani. Akwai kuma dabarar da wasu ke yi ta saka baƙin layi a sama da ƙasa, su fitar da bidiyon a matsayin 4:3. A ganina wannan asara ce tsagwaronta: daga layuka 576, guda 432 ne kawai ke ɗauke da hoto, kuma a talabijin mai faɗi hoton zai zauna a tsakiya da baƙi ta ko'ina. Kafin ka wuce, ka duba fayil ɗin da manhajar MediaInfo, ka ga ta nuna 16:9.

A manhajar haɗa faifai, irin su DVDStyler wadda kyauta ce, dole ne ka sake zaɓar PAL da 16:9 tun lokacin buɗe sabon aiki, domin shafin zaɓi na farkon faifai yana da nasa ma'aunin dabam da na bidiyon. Ka kuma lura cewa duk bidiyoyin da ke cikin rukuni ɗaya na faifan ma'auni ɗaya suke bi, don haka idan kana da tsohon bidiyo na 4:3 da kake son haɗawa da sabo, sai ka ware masa rukuninsa. Idan manhajar ta ba da damar karɓar fayil ɗin ba tare da sake sarrafa shi ba, ka zaɓi hakan.

Kada ka buga faifai kai tsaye. Ka fara fitar da VIDEO_TS a kwamfuta, ka buɗe shi da VLC, ka nemi wani abu zagayayye a cikin hoton, kamar agogon bango ko tayar mota. Idan a matse yake alhali bidiyon kansa daidai ne, ba sai ka sake sarrafa komai ba: manhajar IfoEdit tana buɗe fayil irin VTS_01_0.IFO, inda za ka mayar da 4:3 zuwa 16:9, ka adana, sannan ka buga da ImgBurn.

Gwajin ƙarshe a na'urar gida ake yinsa, kuma yana da kyau a yi shi da faifan DVD-RW mai gogewa kafin a buga kwafe masu yawa. Idan har yanzu hoton bai daidaita ba, ka shiga saitin na'urar ka duba nau'in talabijin da aka gaya mata, domin wadda aka saita a 4:3 za ta ƙara baƙin layi ko ta yanke gefen hoto, ko da faifan ba shi da wani aibi. Ka mayar da ita 16:9, sannan ka duba maɓallin girman hoto a rimot ɗin talabijin ɗin shi ma.