Ƙiba da Ciwon Fibromiyaljiya: Kurakuran da 'Yan Asalin Latin Amurka da Likitocinsu Suka Fi Yi

Fibromiyaljiya ciwo ne mai bin jiki gaba ɗaya, da gajiyar da barci ba ya sauke ta, da yawan mantuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta manya kusan miliyan 4 ke fama da shi a Amurka, akasarinsu mata. A tsakanin manya 'yan asalin Latin Amurka da ke zaune a ƙasar kuwa, kusan kashi 45 cikin 100 na da ƙiba. In biyun suka haɗu a jiki ɗaya, ciwon kan fi zafi, barci ya ƙara lalacewa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗora wa ƙiba laifin komai. Mace ta zo tana kukan ciwo, a ce ta je ta rage nauyi, shi ke nan. Ai sirara ma suna kamuwa. Kamata ya yi a auna sukari, domin ciwon suga ya yi yawa a wannan al'umma, kuma yana sa ƙafafu zugi. A duba ƙullin thyroid da ke wuya ma, don raunin aikinsa na kawo ƙiba da kasala tare. Wadda Sifaniyanci kaɗai take ji ta nemi tafintan asibiti, kada ta ɗora wa ɗanta ƙarami wannan nauyi.

Sai zaman jiran ciwo ya lafa kafin a motsa. Ba ya lafawa a kwance. Tsoka ta saki, nauyi ya ƙaru, gobe tashi ya fi na yau wuya. A shawarwarin ƙungiyar EULAR ta likitocin gaɓoɓi a Turai na 2017, motsa jiki ne kaɗai ya samu cikakken goyon baya. Amma akwai tarko: ranar da mace ta ji dama-dama sai ta wanke gida kaf, ta yi girki, ta goge tufafi, washegari ko cokali ba ta iya ɗagawa. A fara da tafiyar minti 5 zuwa 10, ko motsi cikin ruwa mai ɗumi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har a ranar da ake jin ƙarfi kada a wuce ƙa'ida.

Magani ma na da hannu. Pregabalin, wanda aka amince da shi don wannan ciwo a 2007, yana sa wasu ƙiba, haka amitriptyline. Kada a yanke shan maganin lokaci ɗaya. A gaya wa likita, akwai wasu magungunan.

Munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin dare ba abin rainawa ba ne ga mai ƙiba, a nemi gwajin barci.

A wajen abinci, wasu kan bar girkin gida baki ɗaya, bayan mako biyu su koma. Wake da gurasar masara ba su ne matsalar ba. A fara da lemon kwalba da soye-soye, kuma duk gidan su rage tare, don mai ciwo ba ta iya dafa tukunya biyu.