Yadda za ka gyara bayanan inotify a kernel na Linux

To, in ka lura bayanin inotify ya tsufa, ba sai ka ƙware a C, yaren da ake rubuta kernel da shi, ba kafin ka gyara, rubutu ne kawai. Fara sauko da kernel ɗin (zuciyar tsarin Linux) da git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli), ka buɗe Documentation/filesystems/inotify.rst, na dnotify, tsarin da ya riga inotify, ma yana kusa da shi. inotify dai tun 2005 ya shigo a sigar kernel ta 2.6.13, shi ke sanar da manhaja in an taɓa fayil, amma kar ka rubuta wai yana bin foldojin ciki da kansa, a'a, kowace folda sai an sa mata ido daban, nan mutane ke yawan kuskure wallahi.

Kafin ka canza komai leƙa foldar fs/notify ka ga abin da code ɗin inotify ke yi da gaske, kar ka yi hasashe.

Ka gama? Buga make htmldocs ka duba ko Sphinx, manhajar da ke haɗa shafukan bayanan, zai yi ƙorafi. Sai git commit -s saboda Signed-off-by, wato layin sa hannunka, in babu shi ba za a karɓa ba, ka bi da scripts/checkpatch.pl don ya duba kurakuran salo, sannan scripts/get_maintainer.pl ya nuna maka waɗanda za ka turawa da git send-email. Gyara ɗaya a faci ɗaya (patch, wato saƙon gyaran da za ka tura) don Allah.