Kurakuran da ke hana a buga wasiƙunmu kan sauyin yanayi

Duk damina, da ruwa ya ci unguwannin Nima, Alajo ko Kaneshie a Accra, sai ka ga samarin zango sun zauna rubuta wa Daily Graphic ko Ghanaian Times. Da yawa daga cikin wasiƙun ba sa fitowa, kuma sau tari matsalar tana cikin rubutun ne.

Babban kuskure shi ne fara magana daga sama. Mutum ya buɗe da cewa duniya na cikin haɗari, ƙanƙara na narkewa, ya cika shafi bai taka ƙasa ba. Edita ya gaji da karanta irin wannan. Fara da abin da idonka ya gani: babbar kwatar Nima ta tumbatsa cikin dare, mata sun kwana a tsaye da yara a goye, da safe an shanya katifu da littattafan makaranta a kan kwano. Wanda ya karanta wannan zai tuna da 3 ga Yuni 2015, ranar da ambaliya da gobara suka hallaka mutum sama da 150 a shataletalen Circle da ke Accra, ko da ba ka tsawaita ba.

Sai kuskuren da ya fi damuna, wato ɗora wa ƙasashe masu arziki laifin komai. Ambaliyar Accra tana da sanadi fiye da ɗaya. Akwai ruwan sama mai ƙarfi, akwai kuma kwatocin da suka toshe da gine-ginen da aka kafa a kan hanyar ruwa. Idan ka ɓoye na gida, mai karatu zai nuna maka ledojin da suka cika kogin Odaw, shi ke nan maganarka ta faɗi. Amince da namu tukuna, sannan ka kawo batun adalci da hujja: hayaƙin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma teku na cinye gidajen masunta a Keta. A 2009, a Copenhagen, ƙasashe masu arziki sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara don tunkarar sauyin yanayi. A 2022, a taron sauyin yanayi na duniya, COP27, a Masar, an amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. Haƙƙi ne muke bi, ba bara muke yi ba, kuma ya kamata a ji haka a muryar wasiƙar.

Wasu kuma sukan rufe da "ya kamata a yi wani abu". Wa zai yi? Me zai yi? Kira hukuma da sunanta, AMA ce (hukumar birnin Accra) ko NADMO (hukumar agajin gaggawa) ko ɗan majalisar mazaɓarka, ka nemi abu guda: a yashe kwatar kaza kafin watan Mayu, ko gwamnati ta bayyana wa jama'a kuɗin tallafin sauyin yanayi nawa suka shigo Ghana da inda aka kashe su. Kada ka cusa galamsey (haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba) da shara da tsadar rayuwa duk a wasiƙa ɗaya, kowanne ya isa wasiƙarsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe wasiƙa. Turanci mai nauyi ba ya burge edita, kuma in rubutu ya yi tsawo zai datse shi, wataƙila a inda ka fi so. Zagi da jifan NPP ko NDC na mayar da maganar rigimar jam'iyya. Alƙaluman da aka turo maka a WhatsApp, kada ka sa su sai ka tabbatar da tushensu. Rubuta cikakken sunanka da unguwarka, ka aika tun ruwan bai janye ba, don bayan mako guda jarida ta koma kan wani labari. In ba a buga ba, ka rage tsawonta ka aika wa wata jaridar.