Awon gishiri a tankin murjani: inda ake yawan kuskure da yadda ake gyarawa

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowane kilo. Masu kiwon murjani, wato halittar nan ta teku da ake renonta da rai a tanki, 35 kawai suke cewa, ko su ce 1.026 idan da ma'aunin nauyin ruwa suke magana, kuma wannan adadi ake nema a tanki. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, mutum zai zuba kuɗi a fitila da injin juya ruwa, amma na'urar awon gishirin da ya saya tun ranar farko bai taɓa tuhumarta ba. Murjani ya ƙi buɗewa, sai a kama zargin haske ko abinci, alhali ma'aunin ne ke shirga wa mai shi ƙarya wata da watanni.

Mu fara da rifraktomita, wannan da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta cikinta, don ita ce a hannun yawancin mutane. Takardar da ke zuwa da ita takan ce a saita ta da tataccen ruwa har layin ya sauka kan sifili. A nan gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin masu araha ba don ruwan teku aka ƙera su ba, don ruwan gishirin girki zalla aka yi su. Shi kuwa ruwan teku gauraye yake da magneziyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam, kuma yadda yake karkata haske daban ne. Saboda haka ko da na'urar lafiyarta ƙalau, idan ka saita ta a sifili ta nuna maka 35, gishirin tankinka na gaskiya bai wuce 33.5 ba.

Gyaran ba wuya. A saita ta da ruwan saiti na 35, ruwan da aka haɗa musamman don ya nuna 35, wato daidai wurin da za a riƙa awo. In bayan haka ka ɗiga tataccen ruwa ka ga bai zauna kan sifili ba, kada ka koma kan 'yar kusar saitin. Ba ruwanka da sifili, ba a can murjaninka yake zaune ba.

Shi ma ruwan saitin ba a ba shi amana ido rufe. Kwalbar da aka bari a buɗe ko murfinta bai rufu sosai ba, ruwan ciki na ƙafewa, gishirin na ƙara kauri. A ce ya kai 37 kai kuma ka tilasta wa na'urar ta karanta shi 35: daga ranar duk awonka zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da maki 2, kai kuma kana ta ƙara gishiri. A girgiza kwalba kafin amfani, a rufe ta nan take, kada a tsoma bututun da ya taɓa ruwan tanki a ciki. Mai sikeli mai auna ƙananan giram zai iya haɗa nasa don ya gwada na sayen: giram 3.65 na gishirin girki a cikin giram 96.35 na tataccen ruwa yana karkata haske kamar ruwan teku mai 35. Sai dai wannan haɗin na rifraktomita ne kaɗai. Na'urar da ke awo da lantarki kashi 3.29 cikin ɗari take buƙata, haidromita, mai auna nauyin ruwa, kuma kashi 3.71. Ruwan saitin wata na'ura ba lallai ya yi wa wata ba, don haka a karanta jikin kwalba.

Akwai kuma gaggawa. Rubutun da ke cewa na'urar na daidaita kanta da zafi ba ya nufin nan take. Ɗigon ruwan sai ya yi zafi ɗaya da gilashin, don haka a rufe marfin a jira kamar rabin minti. A tabbata ruwan ya shimfiɗu ko'ina ba kumfa, a goge gilashin da tataccen ruwa bayan kowane awo. Ɓurɓushin gishirin jiya da ya bushe a kai zai narke cikin ɗigon yau ya ɗaga lambar.

Haidromita ta roba mai hannu mai lilo, gaskiya ban ba ta muhimmanci sosai ba. Ƙwayar kumfa ɗaya ta manne wa hannun, sai ya tashi sama. Datti ya taru a kansa, sai ya yi nauyi. Wanda ita kaɗai gare shi ya ƙwanƙwasa jikinta kumfa ya fita, ya ajiye ta a wuri mai daidai, ya ɗauraye ta da ruwan daɗi, sannan ya gwada ta da wata amintacciyar na'ura ya yi alama a inda 35 na gaskiya yake.

Ta gilashi mai yawo a ruwa ta fi ta nesa ba kusa ba, domin ba ta da saitin da zai goce. Amma tana da nata sharuɗɗan. An ƙera kowace don wani zafi da aka rubuta a jikinta, wasu digiri 25, wasu ƙasa da haka, kuma ruwa mai ɗumi ya fi sauƙin nauyi, don haka lambar na sauka idan zafi ya ƙaru. A ɗebi ruwa a doguwar kwalba maimakon a jefa ta cikin tanki injina na kaɗawa, a karanta daidai shimfiɗar ruwan, ba inda ya ɗan haura jikin gilashi ba. Sannan ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Wasu na nuna nauyin ruwan shi kansa, wasu kuma na nuna nauyinsa in an gwada da tataccen ruwa. Ruwa mai 35 a digiri 25, a ta farko kusan 1.023 zai nuna, a ta biyu 1.026. Wanda ke riƙe da irin ta farko ya dage sai ya ga 1.026, zai kai tankinsa tsakanin 38 da 39, ya kusa cimma Bahar Maliya mai kusan 40 ba da niyya ba.

Masu awo da lantarki kuwa, 35 daidai yake da milisimen 53 a kowace santimita a digiri 25, wato ma'aunin yadda lantarki ke ratsa ruwan. Kumfa a bakin sandar na rage lambar, haka ma dattin da ya lulluɓe ta, wayoyin wuta da ke kusa kuma kan sa lambar ta yi ta rawa. Lamba a allo tana da kwarjini, shi ya sa ake yarda da ita fiye da kima.

Me ya sa maki biyu ko uku suka zama abin damuwa? Domin komai na ruwan tare yake sauka. Ruwan teku mai 35 na da magneziyam wajen 1,280 da kalsiyam wajen 410 a ma'aunin kashi cikin miliyan. In gishirin ya sauka 32, magneziyam zai koma wajen 1,170, kalsiyam ƙasa da 380. Sai mai tanki ya yi ta sayen kwalaben ƙari yana zubawa, an bar jaki ana dukan taiki.

Ko da ma'auni na gaskiya, tanki na gocewa da kansa. Ruwa ne ke tashi a tururi, gishiri na nan, don haka da tataccen ruwa ake cike gurbin, ba da ruwan gishiri ba. Tanki mai lita 100 ya rasa lita 3, ya riga ya haura 36. A ɗaya ɓangaren, na'urar tsame datti ta kumfa ruwan gishiri take fitarwa, gishirin da ke bushewa a bakin tanki shi ma asara ne, injin cikawa kuma ruwan daɗi yake mayarwa, sai gishiri ya yi ta raguwa a hankali. Masu zuba sinadaran ƙari guda biyu, na kalsiyam da na alkali mai rage tsamin ruwa, nasu gishirin hauhawa yake yi. Awo sau ɗaya a mako, da gwada na'urar da ruwan saiti kafin nan, ya isa ya kama duk wannan.

Wajen haɗa sabon ruwa, gishiri ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gishiri ba, a bar injin ya juya har ya narke sarai, a kai shi zafin tanki sannan a auna. Kada a dogara da lissafin giram 35 a lita, domin garin gishirin na ɗauke da danshi a jikinsa, yawanci sai an ƙara.

To ka gano tankinka 32 yake, ba 35 ba. Kada ka gyara a yini ɗaya. Murjani da jatan lande da taurarin teku sun saba da wannan ruwan, kuma tashin gishiri farat ɗaya ya fi saukarsa wahalar da dabbobin tanki. Ka sake awo da na'ura ta biyu tukuna. In ta tabbatar, ka riƙa cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwan gishiri maimakon tatacce, kada hawan ya wuce kusan maki ɗaya a rana, har ka iso 35 ka koma cikawa da tataccen ruwa. In kuma yawa ya yi, ka riƙa ɗebe kaɗan daga ruwan tanki kana mayar da tatacce a inda ruwa ke gudu sosai, nesa da murjani.