Yadda ake auna tasirin mai bincike ba tare da an ƙirga masa takardun wani ba

Duk lokacin neman ƙarin girma ko neman tallafin bincike sai 'yan'uwa su fara kirana, wani daga Aboabo wani daga Asawase a Kumasi, kowa maganarsa ɗaya, Malam duba min h-index ɗina nawa ne, wato lambar da ke auna tasirin binciken mutum. Ni kuwa ba na farawa da lamba, da suna nake farawa, don a nan na ga mutanenmu suna faɗuwa.

Na ɗauka kana da furofayil a Google Scholar, shafin Google na takardun bincike, in babu buɗe, kyauta ne. Abu na farko shiga saiti ka kashe wannan da yake zuba maka takardu da kansa, ka zaɓi a riƙa turo maka imel kana dubawa kafin a saka. Wannan ba shawara ba ce, doka ce a wurina. Dalili, sunayenmu na Zango suna ruɗa na'ura. Alhassan yau sunan yanka ne gobe sunan uba, Issah a wata mujalla Issa, a wata Isa, Abdul-Rahman kuwa wani ya haɗe shi wani ya raba wani ya mai da shi A. Rahman kawai. Sai ka ga mutum ɗaya ya tsage gida uku, ko mutum uku sun dunƙule sun zama ɗaya.

Ni kaina na taɓa yi wa wani yayana malamin tarihi wannan aiki cikin sauri, na ɗauki lambar da na gani na saka masa a takardar neman ƙarin girma, ashe akwai maƙaloli huɗu na wani mai sunansa da ke binciken magunguna, kuma su suka fi ɗaukar ambato, wato su wasu suka fi kafa hujja da su. Kwamitin ya gano, aka dawo da fayil ɗin, ya yi ta bayani kamar wanda ya yi da gangan. Har yau abin yana damuna, shi ya sa nake cewa zauna da takardar tarihin aikinka a hannu, bi jerin ɗaya bayan ɗaya, buɗe kowace ka ga inda marubucin yake aiki da fannin da abokan rubutunsa. Wadda ba taka ba goge ta ko ambatonta dubu ne. Wadda ta fito sau biyu, misali ta taro da ta mujalla masu take ɗaya, yi musu alama ka haɗe su. Sannan ka nemo waɗanda suka ɓata ta hanyar rubuta sunanka duk yadda aka taɓa rubuta shi, har da na kuskure. Mata da suka sauya suna bayan aure, Hajiya ki nemi tsohon sunan ma. Aikin yana cin yamma guda da data mai ɗan yawa, gara ka yi shi inda akwai wayifai. In ka gama ka yi rajistar ORCID, lamba 16 ce taka kai kaɗai, kyauta, tun 2012 ake bayarwa, ka riƙa saka ta a duk abin da za ka tura mujalla.

To yanzu lissafi. Ambato shi ne sau nawa wasu suka kafa hujja da aikinka a nasu rubutun. Shi h-index wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. Jera takardunka daga mai yawan ambato zuwa ƙasa, a ce 40, 18, 9, 6, 5, 3, 1. Ta biyar tana da 5, ta shida ba ta kai 6 ba, to naka 5 ne. Ka lura wannan 40 ɗin ko ta koma 400 lambar ba ta motsi. Shi kuma i10 na Google Scholar adadin takardun da suka samu ambato goma ko fiye ne kawai.

Kada ka tsaya wuri ɗaya. Duba Scopus ko Web of Science, rumbunan bayanan mujallun bincike, lambar can kusan kullum ta fi ƙanƙanta, kada gabanka ya faɗi, su mujallun da suka tantance kaɗai suke ƙirgawa, kuma yawancin mujallunmu na Afirka da ke AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka, ba sa ciki. Na kuɗi ne su biyun, kada ka biya kowa sidi ɗaya a waje, tambayi ma'aikatan laburare, ko na Prempeh II a jami'ar KNUST ta Kumasi ko na Balme in kana Jami'ar Ghana a Legon, su faɗa maka wanda suke da shi. A Scopus akwai wurin cire ambaton da ka yi wa kanka, danna shi ka rubuta lambobin biyu, da ranar da ka duba. Kuma don Allah kada malamin Larabci ya gwada kansa da likita, fannin lafiya ambato yake zuba kamar ruwan damina, mai adabi kuwa littafi yake rubutawa shekara da shekaru. Sa'anka a fanni da shekarun aiki, shi ne ma'auninka.

Saura haɗin gwiwa. Sauke VOSviewer, manhajar zana taswirar bincike ce ta Jami'ar Leiden a Holan, kyauta, ka fitar da jerin takardunka daga Scopus ka zuba masa ko ka ja su daga OpenAlex, wani rumbun bayanan bincike, ka zaɓi taswirar abokan rubutu. Ni kullum lissafin kaso nake zaɓa, wato in ka rubuta takarda da wasu mutum goma, layin da ya haɗa ka da kowannensu ya ɗauki ɗaya bisa goma, don akwai takardar fiziks ta 2015 da ta fito da marubuta sama da 5,000. Abin dubawa uku ne, mutum nawa, daga jami'o'i da ƙasashe nawa, kuma a nawa ne kai ne marubuci na farko ko wanda mujalla ke tuntuɓa. In duk layukan suna komawa kan wanda ya duba maka digirin dakta ne, kwamiti zai gani. Ɗauki hoton taswirar, saka lambobin a Excel, ka sake dubawa bayan wata shida.