Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa folda ta ofis da Kerberos ta VPN

Reshe yana Jos, sabar fayil tana hedikwata a Abuja. VPN ya haɗu, ping na tafiya, amma `mount -t cifs -o sec=krb5`, umarnin haɗa foldar a Linux, ya ƙi. Nan da nan sai a ɗora wa VPN laifi, alhali galibi tikiti ne bai samu ba, wato shaidar da Kerberos, tsarin tantance masu shiga, ke bayarwa kafin a shiga sabar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kiran sabar da lambar IP. Kerberos suna ya sani: tikitin da ake nema na `cifs/sunan-saba` ne, ita kuwa lambar ba a yi mata rajista ba. A rubuta cikakken suna, a kuma tabbatar DNS na ofis ne ke amsawa, ba na MiFi ba. `kvno cifs/sunan-saba` zai nuna ko tikitin na fitowa.

Sai agogo. Bambanci ya wuce minti 5, Kerberos ba ya ɗaga ƙafa. Kwamfutar da batirin CMOS ɗinta ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai agogonta ya rikice. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne a saita lokaci da hannu a bar yankin a UTC: allo na nuna daidai, amma awa ɗaya cur ke tsakani, tunda da haka Najeriya ta ɗara UTC. A duba `timedatectl`, a sa chrony ya bi agogon sabar domen.

In saƙon ya ce `mount error(126): Required key not available`, a tambayi kai: tikitin wa ake nema? An karɓi tikiti da `kinit` da sunan ma'aikaci, an yi mount da sudo, shi kuma root, wanda sudo ke aiki da sunansa, ba shi da tikiti. A ƙara `cruid=$(id -u)` a umarnin mount, a tabbatar an sanya cifs-utils da keyutils. Tikitin Active Directory, tsarin domen na Windows, awa 10 yake yi, don haka foldar da ta buɗe da safe ta ƙi da dare, `klist`, mai nuna tikitocin da ake da su, za a fara dubawa.

Inda VPN ke da laifi da gaske shi ne girman fakiti: mount ya tsaya cak, ba saƙo ba komai. VPN na WireGuard kan sa MTU, wato iyakar girman fakiti, a 1420, sai a gwada `ping -M do -s 1392`. In ya ƙi wucewa, a riƙa rage girman ping ɗin har ya wuce, sannan a sa MTU a wannan girman da ƙarin 28. A sa `udp_preference_limit = 1` a krb5.conf don Kerberos ya bi TCP, a kuma buɗe ƙofa ta 88 da ta 445 a cikin VPN ɗin.