Babi na Huɗu: Yadda Ake Hira da Yaro Har Ya Saki Jiki

Ku karanta wannan babi a hankali, layi bayan layi. In kalma ta yi muku wuya, ku ɗora yatsa a kanta ku tambayi na kusa da ku. Babu kunya a tambaya.

Darasi na 1: Zama

Yaro ba ya buɗe cikinsa ga wanda ke tsaye a kansa. Ku zauna. In ƙarami ne, ku durƙusa har fuskarku ta zo daidai da tasa. Wayar da ke hannu a sa ta a aljihu. A kashe rediyo. Minti 10 a rana ya isa farawa, in dai na yaron ne shi kaɗai.

Sai tambaya. Kada ku ce, "Lafiya dai ko?" Zai ce "lafiya", magana ta mutu nan take. Ku ce, "Me ya ba ka dariya yau?" ko "Da wa kika yi wasa?" Ku nemi tambayar da "i" ko "a'a" ba za su amsa ta ba.

Darasi na 2: Shiru

Nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Kun yi tambaya. To, ku rufe baki. Ku ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Kada ku ce komai kafin ku kai biyar. Yaron ba taurin kai yake yi ba, kalma yake nema. Ku tuna ɗan shekara 2 yawanci kalma biyu yake iya haɗawa; ko ɗan shekara 7 kalmominsa ba su kai naku ba.

Ya fara magana? Ku ci gaba da shiru. Ya tsaya a tsakiya? Bai gama ba. Ku sake ƙirgawa zuwa biyar. Ku gyaɗa kai, ku ce "uhm", ko "sai me ya faru?" Shi ke nan.

Ga misali.

Yaro: Baba, ba na son zuwa makaranta.
Uba: Kai, rufa min baki! Malalaci kawai.

Hira ta ƙare. Uban bai san komai ba. Ga shi kuma ta wata hanya.

Yaro: Baba, ba na son zuwa makaranta.
Uba: (ya ƙirga biyar a zuci) Ina jin ka, ɗana.
Yaro: Akwai wani da ke ƙwace min fensir.
Uba: (ya sake ƙirgawa)
Yaro: Ya ce in na faɗa zai dake ni.

Kun gani? Maganar gaskiya a jimla ta uku ta fito. Wanda ya katse ta farko ba zai taɓa jin ta uku ba.

A 2018, masu bincike daga jami'o'in MIT da Harvard a Amurka sun duba yara masu shekara 4 zuwa 6. Sun gano cewa karɓa-karɓar magana, wato babba ya faɗa yaro ya amsa, ta fi alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwar yaro a kan yawan kalmomin da aka zuba masa. To ta yaya zai amsa in ba ku yi shiru ba?

In ya gagara a karon farko, ba komai. Sannu ba ta hana zuwa. Gobe ku sake: tambaya, shiru, ƙirga biyar.

Amma fa haba, iyaye! Na faɗa a aji, na sake faɗa, har yanzu da mun zo gwaji sai wani ya yanke maganar tun kafin ya kai biyu, ya hau wa'azi. Mutum ya iya kasa kunne awa guda ga abokinsa a waya, ɗan cikinsa kuwa ko numfashi biyar ba zai ba shi ba? Masu cewa yaro ba shi da ta cewa kuma, su sani sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ce a ji ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi. Ji aka ce, ba bin umarninsa ba. Ku rufe baki. Ku ƙirga biyar.

Darasi na 3: Mayar masa da maganarsa

Da ya gama, ku faɗi abin da kuka ji: "Wato tsoro kake ji." In ya ce ba haka ba ne, ku bari ya gyara. Shawara sai bayan nan.

Darasi na 4: Amana

Abin da yarinya ta gaya muku a keɓe, kada ya zama abin dariya gaban baƙi. Sai dai in wani ya cutar da ita ko ya taɓa jikinta. Wannan ku ce mata, "'Yata, ba laifinki ba ne, zan nemo taimako," ku tafi asibiti, ku sanar da hukuma.

Darasi na 5: Fushi

In ranku a ɓace yake, ku bar hirar sai kun huce.

Aikin gida

Ku yi wa yaro tambaya ɗaya yau. Ku ƙirga biyar. Ku rubuta amsarsa a littafinku, ku zo da ita aji.